Kurakuran da aka fi yi wajen buɗe kwamin ninƙaya mai ruwan gishiri bayan hunturu

A jihohin Amurka masu dusar ƙanƙara irin su New York, Ohio da Michigan, haka kuma a Kanada, kwamin ninƙaya na bayan gida a rufe yake kwana tun daga watan Oktoba har sanyi ya ja da baya. 'Yan'uwanmu da suka sayi gida suka tarar da kwami a ciki, da waɗanda suka kama aikin kula da na mutane don neman na kansu, matsala ɗaya ke jiran su idan Afrilu ya kama. An gaya musu kwamin gishiri shi ke kula da kansa. Sai a yaye tamfol, a danna maɓallin injin gishiri, a kama gaba. Kafin mako ya zagayo ruwa ya yi kore shar, injin kuma sai kunna jar fitila yake yi.

Tushen abin shi ne rashin sanin aikin injin. Kwamin gishiri ma kulorin ke tsaftace shi, bambancin kawai a gida ake haɗa kulorin ɗin. Ruwa yana bi ta cikin wani bututu da ake kira sel, mai jerin faranti na ƙarfen titaniyam, wutar lantarki ta ratsa shi ta raba gishirin ta fitar da kulorin kaɗan-kaɗan. An ƙera shi ne don ya riƙe ruwan da ke da tsafta ya ci gaba da zama da tsafta. Ba shi da ƙarfin ceto ruwan da ya shafe wata shida a ƙarƙashin tamfol. Don haka a duk aikin buɗe kwami, injin gishiri shi ne na ƙarshe a kunnawa, kuma yawancin ɓarnar da ake yi ta samo asali ne daga sa shi a farko.

Jinkirin buɗewa

A Amurka mutane sun saba jiran hutun ranar Litinin ta ƙarshe a watan Mayu, domin daga nan ake ganin kakar ninƙaya ta fara. Gansakuka ba ta jiran hutu. Da zarar ɗumin ruwa ya haura digiri 15 a ma'aunin Selsiyus, ta fara yaɗuwa a cikin duhun tamfol, ga kulorin da aka zuba tun kaka ya daɗe da ƙarewa. Wanda ya buɗe tun ruwa na da sanyi zai biya ɗan kuɗin wutar famfo na makonni uku ko huɗu, amma ba zai sayi jarkokin magani da yawa ba. A ganina wannan ya fi sauƙi nesa ba kusa ba.

Wajen yaye tamfol ma ana yin ganganci. Ruwan sama da ruɓaɓɓen ganye da ƙurar furanni duk suna kwance a kansa, in ka ja shi haka nan, da hannunka ka juye su cikin kwami. Sa ƙaramin famfo ya zuƙe ruwan, share ganyen, sannan ku kama tamfol ɗin ku biyu ku naɗe. A wanke shi, a bari ya bushe sarai kafin a adana, in ba haka ba fumfuna za ta cinye shi.

Daga nan sai haɗa kayan aiki, kuma nan ba wani dogon zance. Cire duk toshin da aka sa a bakin bututu lokacin rufewa, mayar da na ƙasan famfo da na filta, wato matatar ruwa. Shafa wa zobban roba man silikon, ban da basilin, domin yana lalata roba. Ƙara ruwa har ya kai tsakiyar bakin da ke zuƙar ruwan sama-sama. Cika tukunyar famfo da ruwa kafin ka kunna, famfon da ya juya babu ruwa yana iya ƙona zoben da ke hana shi yoyo cikin ɗan lokaci. Buɗe bawul ɗin iska na saman filta har sai ruwa ya fara fesowa, kuma kada ka taɓa juya hannun filta famfo na aiki. Idan an cire sel lokacin sanyi an sa bututun wucin gadi a gurbinsa, bar bututun a wurin har ruwa ya washe.

Gishiri: inda aka fi asarar kuɗi

Ranar farko mutum ya kunna injin, allo ya rubuta masa cewa gishiri ya yi ƙasa, sai ya ruga kanti ya ɗauko buhu biyar ya juye. Wannan kuskure ya fi kowanne yawa, kuma ya fi kowanne wahalar gyara.

Akwai dalilai biyu da ke sa allon ya faɗi abin da ba haka ba. Na farko, injin ba ya auna gishiri kai tsaye, yana duba yadda wuta ke ratsa ruwan ne, ruwan sanyi kuwa ba ya barin wuta ta ratsa shi sosai. Sai injin ya ɗauka gishiri ne ya ragu. Sel da ya tsufa ko ya yi datti ma haka yake yi. Na biyu, ruwan sama da narkakkiyar ƙanƙara da suka shiga lokacin hunturu sun fi ruwan gishiri rashin nauyi, saboda haka sukan zauna a sama, mai gishirin ya kwanta a ƙasa. In ka ɗebi na sama ka auna kafin famfo ya gauraya su, ba ruwan kwaminka ka auna ba.

Gyaran shi ne ka bar famfo ya yi awa 24 yana zagaya ruwa, injin gishiri a kashe. Sannan ka zura hannu har gwiwa ka ɗebo, ka auna da wani abin awo dabam, ko na ɗigo ko na lantarki, ko ka kai shagon kayan kwami su auna maka. Ka tuna gishiri ba ya bin tururi ya tashi. Yana raguwa ne kawai idan ruwan da kansa ya fita: rage ruwa da aka yi lokacin rufewa, wankin filta, ambaliya bayan ruwan sama, da fantsamar masu wanka. Shi ya sa sau da yawa abin da ake bukata bai kai rabin abin da mutum ya zata ba.

Yawancin injuna suna son gishiri tsakanin 2,700 zuwa 3,400 a ma'aunin ppm, wato kashi nawa ne cikin miliyan ɗaya na ruwa. Na kamfanin Hayward, alal misali, 3,200 ya fi so, amma kowa ya duba littafin injinsa. Ruwan teku yana kusan 35,000, ka ga na kwami bai kai kashi ɗaya cikin goma ba. Lissafin kuwa ba shi da wuya: kilo 1 na gishiri a cikin lita 1,000 na ruwa yana ƙara 1,000 ppm. Ɗauki kwami mai galan 15,000, wato kusan lita 57,000, awo ya nuna 2,600, kana son 3,200. Gibin 600 ne, kilo 34 ke nan. Buhun da ake sayarwa a Amurka fam 40 ne, kusan kilo 18, saboda haka ko buhu biyu ba ka cinye ba. Zuba kashi biyu cikin uku tukuna, jira kwana ɗaya, sake awo. Kamar miya ne: in gishiri ya yi kaɗan sai a ƙara, in ya zarce ba mai iya tsamo shi, sai dai a kwashe wani a ƙara ruwa.

Kwashe ruwan ma a wannan lokaci yana da haɗari. Bayan narkewar ƙanƙara ƙasa cike take da ruwa, kwamin da aka rage masa ruwa da yawa yana iya tasowa daga ƙasa, ko ledar jikinsa ta kumbura ta yamutse. In dole sai an rage, a yi shi kaɗan-kaɗan, ana ragewa ana mayarwa.

Irin gishirin ma abin dubawa ne. A nemi wanda aka rubuta na kwami ne, mai tsaftar kashi 99 cikin 100 ko fiye. Ragowar gishirin da aka watsa a ƙofar gida don narkar da ƙanƙara bai dace ba sam, akwai datti da wasu sinadarai a ciki. Gishirin girki kuma yana ɗauke da aidin da maganin hana dunƙulewa, wanda kan bar tabo a jikin kwami. Masu kula da kwamin otal a Abuja ko Kano su lura da wannan, tunda gishirin girkin da ke kasuwannin Najeriya mai aidin ne. A watsa shi a faɗin kwami, a bi da buroshi kada ya taru wuri ɗaya. Kada a juye shi a bakin zuƙar ruwa, kuma sel ya kasance a kashe har sai ya narke, kamar kwana ɗaya.

Sanyin ruwa da maɓallin ƙara ƙarfi

Ko gishiri ya daidaita, sel ba ya aiki a ruwan sanyi. AquaRite na Hayward yana tsayawa idan ruwa ya sauka ƙasa da digiri 10, IntelliChlor na Pentair kuma wajen digiri 11. Tsakanin nan da digiri 15 ma abin da suke fitarwa kaɗan ne. Ba lalacewa suka yi ba, kare farantansu suke yi. Akan samu mai kwami ya sayi sabon sel da ɗaruruwan daloli a watan Afrilu, alhali tsohon lafiyarsa ƙalau, rana kawai yake jira.

A waɗannan makonni da hannu za ka ba ruwa kulorin. Na ruwa, wanda ake sayarwa a jarka mai ƙarfin kashi 10 zuwa 12.5, shi ya fi dacewa, domin na gari wani yana ƙara kalsiyam, wani kuma yana ƙara sinadarin kare kulorin fiye da yadda kake so. A zuba da yamma bayan rana ta faɗi, famfo na aiki. Idan ruwan ya riga ya yi kore, zubi ɗaya ba zai isa ba. Sai an riƙa awo ana ƙarawa, ana goge bango da buroshi, ana wanke filta, har ruwa ya washe kuma kulorin ya daina ɓacewa cikin dare.

Akwai maɓalli a jikin injin da ke sa shi aiki da dukkan ƙarfinsa na kwana ɗaya, mutane suna son sa ƙwarai. Yana da amfani bayan an yi taron biki a kwami ko an sha ruwan sama mai yawa. Amma gansakukar da ta kafu ta fi shi sauri, tana cinye kulorin kafin ya taru. Ga shi kuma kowane sel yana da iyakar awoyin da zai yi a rayuwarsa, galibi shekara uku zuwa bakwai ne. Abin takaici ne a ƙone kwanakinsa a kan aikin da jarka biyu za su yi.

Wankin sel

Wasu ba sa duba sel ko sau ɗaya, wasu kuma duk shekara sai sun tsoma shi a asid ko yana bukata ko ba ya bukata. Na biyun sun fi yi masa illa. Farantan suna da wani siririn shafi mai tsada a jikinsu, shi ke yin aikin, kuma duk tsomi a asid yana ɗan cinsa. Ɗaga sel ɗin ka leƙa ta haske. In ba ka ga farin ɓawo tsakanin faranti ba, fesa masa ruwan tiyo ka mayar. In akwai, haɗa ruwa kashi huɗu da asid ɗin kwami kashi ɗaya, ka tsoma na 'yan mintuna har kumfa ta daina tashi, ka ɗauraye. Ruwa ake fara zubawa a bokiti, asid ya biyo baya, da safar hannu da tabarau, a fili inda iska ke kaɗawa. Kada a kankare da wuƙa ko sukudireba. Kuma don Allah kada asid ya haɗu da kulorin, ko a bokiti ɗaya ko a ajiye su gab da juna a sito, domin iskar da suke fitarwa tana iya kashe mutum.

Farin ɓawon nan yana da dalili. Ma'aunin pH, wato awon tsamin ruwa (hawansa na nufin tsami ya ragu), a kwamin gishiri kullum hawa yake yi, in ya hau kuwa kalsiyam ya manne a faranti. Kafin a kunna injin sai an daidaita alkaliniti, wato abin da ke hana pH yawan hawa da sauka, tsakanin 80 zuwa 120 ppm, sannan pH tsakanin 7.2 zuwa 7.6, kalsiyam kuma 200 zuwa 400 ppm. Wanda aka fi mantawa shi ne sayanurik asid, mai kare kulorin daga rana. Yakan ragu lokacin hunturu, in babu shi rana tana cinye kulorin cikin 'yan awoyi, sai mai kwami ya yi ta ƙara wa injin ƙarfi yana zarginsa. Masu ƙera injuna da dama suna ba da shawarar 60 zuwa 80 ppm. Shi ma a hankali ake zuba shi, domin in ya zarce sai an rage ruwa.

Kafin kowa ya shiga, a zagaya a duba ƙarafa. Gishiri yana hanzarta tsatsa a tsani da kusoshi da zoben fitila. A tabbata wayar jan ƙarfe da ke haɗa famfo da sauran ƙarafa tana nan daram, in an ga ta tsinke a kira mai gyaran wuta, ba aikin gwaji ba ne. In akwai guntun zinki da aka sa don ya sha tsatsa a madadin sauran, a duba ko ya cinye a sauya. A gwada ƙofar shinge a ga tana rufe kanta tana kullewa. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a gidan da ke da yara, domin a Amurka nutsewa a ruwa ita ce kan gaba wajen mutuwar yara 'yan shekara 1 zuwa 4, kuma ranar da aka yaye tamfol hankalin manya yana kan famfo da jarkoki.

Idan ruwa ya washe har kana hango ƙasan kwami, ɗuminsa ya haura digiri 15, awon gishiri kuma ya tsaya inda ake so, sai a mayar da sel a kunna. Fara da kashi 50 cikin 100 na ƙarfin injin, ka riƙa awon kulorin kowace yamma na mako guda, kana neman tsakanin 1 zuwa 3 ppm. In ya yi ƙasa ƙara kashi 10, in ya yi sama rage, ka ba shi kwana biyu kafin ka sake taɓawa. Saitin da ya ishe ka a watan Mayu ba zai isa a Yuli ba, saboda haka awon mako-mako yana nan har ƙarshen kakar ninƙaya.