Babi na 6: Jefa Fatsa a Wurin Duwatsu da Ciyawa

Darasi na 1: Kayan aiki

Karanta a hankali, ɗan'uwa. In kalma ta yi maka wuya, ɗora yatsa a kanta ka sake karantawa. Ba sauri muke yi ba.

Da rani, in ruwan Kogin Kaduna ya janye, duwatsu suna fitowa fili ta wajen Gamji da Kabala. Tarwaɗa da ƙurungu suna ɓuya a ƙarƙashinsu, kuma a nan ne fatsa ta fi maƙalewa. Ka tanadi sandar gora, ƙugiya 1, zare mai kauri, zare siriri, tana, da abin nauyi. Ƙugiya 1 na ce, don kowace ƙugiya ka ƙara, ka ƙara wa dutse abin kamawa.

Darasi na 2: Ɗaurin nauyi

Nan ne yawancinku kuke tuntuɓe, saboda haka za mu daɗe a nan.

Ƙugiya tana kan zare mai kauri. Nauyi yana kan zare siriri. Yanki siririn kamar taƙi 1, ka ɗaura bakinsa guda a jikin mai kaurin, ɗaya bakin kuma ka ɗaura nauyin. Kada ka ɓata kuɗi kan dalma. Tsohon fulogin babur ko noti daga wurin bakanike ya isa, tunda dutse zai ci shi ko ba jima ko ba daɗe.

Me ya sa siriri? In nauyi ya shige tsagar dutse ka ja, siririn ne zai tsinke. Fulogi ya tafi, ƙugiya da kifi su dawo hannunka. Masu kamun kifi a bakin tekun Ingila, inda doguwar ciyawar teku take manne da duwatsu, haka suke ɗaure nasu. Mu nan kainuwa da gansakuka ne namu, dabarar dai ɗaya ce.

Faɗi da baki: ƙugiya a kan mai kauri, nauyi a kan siriri. Madalla. Sake faɗi. Yanzu rubuta shi sau 3 a littafinka. In rubutun ya karkace ba komai, hannu zai saba.

Ranar da muka je bakin kogi, wani dattijo a ajinmu ya ɗaure duka biyun da zare mai kauri. Na ce masa, "Baba, ina siririn?" Ya ce yana aljihu. Jifa ɗaya ya yi, fatsar ta maƙale, ya ja har zaren ya yanke masa yatsa, komai ya tafi. Haba jama'a! Sau nawa zan faɗa? Zaren da ke aljihu me zai tsinana maka? Nauyi a kan siriri. A duba kafin a jefa, a sake dubawa.

Darasi na 3: In kifi ya ci

Ɗaga sanda sama nan take, ka ja ba tsayawa. In ka yi sanyin jiki, tarwaɗa ta koma raminta. Ƙurungu yana da ƙaya, kada ka damƙe shi da tafin hannu.

Darasi na 4: Tsaro

Dutse mai gansakuka yana da santsi. Kada ka je kai kaɗai. A Agusta da Satumba kogi yana cika, kada ka hau duwatsu sam.

Aikin gida: ka zo aji da fatsa ɗaurarriya, zan duba zaren nauyin.