In za ka Mulai Idris, ka shirya kwana

Tun da na dawo daga Maroko ake tsayar da ni, wasu a kasuwa, wasu a ƙofar masallacin unguwa, kowa da tambaya ɗaya: Alhaji, ta ina ake bi a je garin nan na kan dutse da ka sa hotonsa a WhatsApp? Bakina ya gaji da maimaitawa. Shi ya sa na zauna na rubuta, duk wanda ya sake tambaya sai in tura masa.

Sana'ata fata ce, fatar jar akuyarmu ta Sakkwato, wadda tun zamanin ayarin raƙuma ake ƙetare Sahara da ita har Turawa suka laƙaba mata sunan fatar Maroko, don a hannun mutanen can suke sayenta. Ita ta kai ni Fas ganin majemarsu, ni da ƙanena. A Fas ɗin wani dattijo mai sayar da takalma ya ce mana wanda ya ziyarci ɗa bai ziyarci uba ba, ziyararsa da saura. Ɗan shi ne Idrisu na biyu, wanda kabarinsa ke tsakiyar Fas. Uban kuwa, Idrisu na farko, yana kwance a wani ɗan gari da aka sa wa sunansa, Mulai Idris, a jikin dutsen Zarhun, kamar kilomita 30 arewa da birnin Maknas. Sharifi ne, jinin Sayyidina Hasan. Ya tsira daga yaƙin Fakkhu da aka yi kusa da Makka a shekarar 786, ya yi ta yamma har ya iso yankin a 788, wata ƙabilar Barbar da ake kira Awraba ta karɓe shi ta yi masa mubaya'a. Shekara uku kacal ya yi, ya rasu a 791, masu tarihi suka ce guba aka sa masa da umarnin Harunar Rashid. Daga kansa mutanen Maroko ke fara lissafin daularsu ta Musulunci. Basakkwace ba ya bukatar dogon bayani a nan: yadda muke ɗaukar Hubbaren Shehu, haka suke ɗaukar wurin.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Mai fasfon Najeriya sai da biza, ofishin jakadancinsu yana Abuja, ka nema da wuri kafin ka biya kuɗin jirgi. Ka riƙe katin rigakafin shawara a cikin fasfo. Jirgin Royal Air Maroc na tashi daga Legas kai tsaye zuwa Kasabalanka. Kuɗinsu dirhami ne, kuma ba za ka same shi wurin 'yan canjinmu ba, ka tafi da dala ko yuro ka canza a can. Dala ɗaya tana kai-komo a kusa da dirhami goma. Ka sayi kan caja mai baki biyu zagayayyu, namu mai baki uku ba ya shiga bangonsu. Agogo ba sai ka taɓa shi ba, lokacinmu ɗaya da su, in ban da watan azumi da suke mayar da nasu baya da awa guda.

A ƙarƙashin filin jirgin akwai tashar jirgin ƙasa. Ka hau zuwa tashar Casa Voyageurs, ka canza zuwa na Fas, ka sauka a Maknas, tafiyar kamar awa uku. In daga Fas kake, ba ta kai awa ɗaya ba. Duk canjin da za ka yi ka yi shi a Maknas, kuma ka nemi ƙananan kuɗi da silalla, don a kan dutsen kusan komai hannu da hannu ne.

Tasi iri biyu gare su, kuma nan ne baƙo ke fara ɓata. Ƙaramar, wadda a Maknas shuɗiya ce, mutum uku take ɗauka kuma ba ta fita gari. Ka ce ta kai ka inda manyan tasi na Mulai Idris ke lodi. Babbar ita ce irin tamu ta tasha: mutum shida, sai ta cika take tashi, kowa ya biya kuɗin kujerarsa. Mu da muka saba jiran motar Illela ko ta Wurno ta cika, wannan ba sabon abu ba ne. Sai dai ka tambayi fasinjan da ke kusa da kai nawa ne kujera kafin ka tambayi direba, kuma ka faɗa a fili cewa kujera ɗaya kake so. Mu ba mu faɗa ba. Direba ya ga babbar riga da hula ya ɗauka shata muke so, har ya tayar da mota da mu biyu, sai da ƙanena ya ce, "Yaya, anya ba mu sayi motar nan duka ba?" Muka sa ya koma layi.

Tun daga nesa za ka hango garin, farare-fararen gidaje sun hau kan tudu biyu, Khaibar da Tasga, rufin hubbaren kore shar a tsakaninsu, ƙasa kuma gonakin zaitun iya ganinka. Mota tana ajiye ka a gindi, kusa da dandalin gari. Daga nan sauran aikin na ƙafa ne da na jaki.

Maganar ƙafa kada ka ɗauke ta da wasa. Mu mutanen shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ne, tudun da muke kira tudu a Sakkwato su ko kallonsa ba za su yi ba. Lungunan garin matakala ne, ɗaya bisa ɗaya, wasu sun sulɓe don tsufa. Na je da takalmin fata buɗaɗɗe irin na zuwa ɗaurin aure, kafin la'asar gwiwata ta hagu ta fara ba ni labari. Ka sa takalmi rufaffe mai kama ƙasa. Babbar riga ka ajiye ta sai lokacin shiga hubbare, yawo kuwa kaftani ya isa. Babban akwati ka bar shi a masaukinka na Maknas ko Fas, ka ɗauki 'yar jakar kwana ɗaya. In ka ji an ce "balak, balak" a bayanka, ka manne da bango, jaki ne tafe da tukwanen gas ko buhun siminti, kuma ba zai tsaya maka ba.

Yawancin baƙi awa biyu suke yi, su ɗauki hoto su koma mota. Shawarata ka kwana. Har zuwa 2005 ba a yarda wanda ba Musulmi ba ya kwana a garin, shi ya sa babu manyan otal, sai gidajen mutane da aka gyara ɗakuna uku ko huɗu don baƙi. Ka kama ɗaki tun kana Maknas, ka tambayi abu biyu: akwai ruwan zafi, kuma matakala nawa ne daga dandali zuwa ƙofar gidan. Dalilin kwanan shi ne magariba. Bayan an sallame, sai muka ga mutane ba su watse ba, sun yi da'ira sun buɗe Alƙur'ani sun ɗauki izu da murya ɗaya. Haka suke yi kullum, izu ɗaya bayan asuba, ɗaya bayan magariba, su sauke a wata. Da na kasa kunne sai jikina ya yi sanyi: Warshu ce, ita dai wadda aka biya mana a makarantar allo. Na karɓi mus'hafi ɗaya na duba, ga fa'un da ɗigonta a ƙasa, ga ƙaf da ɗigo ɗaya a sama, kamar rubutun alarammanmu. Na shiga da'irar na bi su, wani tsoho ya gyara mini wuri ba tare da ya ɗaga kai ba. Malikawa ne kamarmu, da yawansu suna sakin hannu a salla, sallama ɗaya liman ke yi. Wanda ya hau motar ƙarfe huɗu ya koma, duk wannan ya wuce shi.

Hanyar shiga hubbaren daga dandali take, ta wani dogon soro da masu sayar da kyandir, turare da alewar gyaɗa suka jeru a gefensa. A ƙarshensa an gitta katako daidai ƙirjin mutum. Nan ne iyakar dabbobi da wanda ba Musulmi ba, kai kuma sai ka sunkuya ka wuce ta ƙarƙashi. Ginin da ke tsaye yanzu aikin Sarki Mulai Isma'il ne, wanda ya mulki ƙasar daga 1672 zuwa 1727 yana zaune a Maknas. Ka cire takalmi inda ka ga ana cirewa, ka riƙe shi a leda, waya ta koma aljihu. Masu neman sadaka suna nan kamar na ƙofar Hubbare, amfanin silallan ke nan. Yadda za ka yi ziyararka kuwa, kowa da malaminsa, ba zan shiga wannan ba. Abu ɗaya dai: za ka ji ana cewa wai zuwa nan sau biyar lokacin bikin shekara yana tsayawa madadin Hajji. Zancen gari ne, ka ji ka wuce. Bikin da kansa, wanda suke kira musim, a ƙarshen bazararsu ake yi, wajen watan Agusta, gari ya cika maƙil. Mai son natsuwa ya kauce wa lokacin.

Larabcin da ka karanta a Ahalari da Iziyya zai yi maka amfani rabi da rabi. In ka yi magana za su gane, har su yi murmushi su ce kana magana kamar mai huɗuba. In suka mayar maka da nasu, Darija, wanda ke haɗiye wasula, sai ka rasa inda aka dosa. Liman da malaman makaranta za su yi maka Larabcin littafi. Ga sauran jama'a ka riƙe "la bas" don gaisuwa, "bishhal" don tambayar farashi, da "la, shukran" don samarin da za su bi ka suna cewa za su nuna maka hanya. Gaskiya ba laifi ka ɗauki ɗaya, don hanyar zuwa barandar da ake hango gari daga sama tana da ruɗarwa, amma ku yanke kuɗi tun a ƙasa. A kan hanyar ka ce ya biya da kai ta hasumiyar nan zagayayya kamar turmi, wadda aka gina a 1939 aka lulluɓe ta da korayen tayil masu ɗauke da ayoyi. Yawancin hasumiyoyin ƙasar masu kusurwa huɗu ne.

Abinci ba matsala, yankan Musulmi ne. Da safe ka nemi bisara, faten wake ne da ake kwarara wa man zaitun a ci da burodi. Da rana akwai masu gasa niƙaƙƙen nama a bakin dandali. Ranar Juma'a kuskus ake yi a kowane gida, in mai masauki ya gayyace ka kada ka ƙi, ka ci daga gabanka, naman tsakiya ka jira a tura maka. Barkono ne babu. Ka tafi da yajinka a ƙulle, ni ƙanena ya cece ni da nasa. Shayinsu na na'ana'a kuwa sukari ya yi masa yawa, mai ciwon suga ya faɗa tun kafin a haɗa.

Sanyi: damunarsu a lokacin sanyi take, daga Nuwamba zuwa wajen Maris, ruwa da iska tare, ɗakuna kuma tayil ne. Hunturunmu bai kama ƙafarsa ba. Afrilu da Mayu sun fi, lokacin da Sakkwato ke tafasa can ƙasa kore ce, amma ko a nan ka riƙe rigar sanyi da safa don asuba.

Washegari da sassafe ka sauka Walili, abin da Turawa ke kira Volubilis, kilomita huɗu zuwa biyar daga gari. Kufai ne na birnin Rumawa, a nan Idrisu ya fara sauka, kuma UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a 1997. Akwai ginshiƙai da shamuwa ta yi sheƙa a kansu, da babbar ƙofar da aka gina wa Sarki Karakala, da duwatsun matsar zaitun da suka nuna sana'ar yankin ba ta canza ba. In da iyali kake, ka sani wasu zane-zanen daɓen na mutane ne ba sutura. Babu inuwa ko ta kwabo, ka riƙe ruwa, awa biyu sun isa. Ka yi ciniki da mai tasi ya jira ka ko ya dawo ya ɗauke ka, don komowar hawa ce.

Kafin ka bar gari ka sayi man zaitun, ka ɗanɗana da burodi tukuna. Mai kyau yana ɗan kartar maƙogwaro. Ka sa a zuba maka a jarkar roba mai murfi biyu, ka naɗe ta da leda, ta shiga babban akwati, don ba za a bar ka ka hau jirgi da ita a hannu ba. Ni lita biyar na ɗauko, Hajiya ta raba wa 'yan'uwanta uku kafin in warware gajiya. Dirhamin da ya rage maka kuma ka mayar da shi dala a filin jirgin Kasabalanka. Akwai takarda biyu ta hamsin-hamsin da na manta a aljihun kaftani, na zagaya da su wurin 'yan canji har na gaji, suna nan cikin durowa.