Yadda ake farfaɗo da jif ɗin Yaƙin Duniya na Biyu ba tare da jin rauni ba

Tsakanin 1941 da 1945 kamfanonin Willys da Ford na Amurka sun ƙera jif fiye da 600,000, kuma har yau masu sha'awa suna zaƙulo su daga rumfuna suna gyarawa. An ƙera motar don fagen fama, ba a damu da lafiyar bakanike ba, saboda haka aikin yana da tsari.

Da farko a cire wayar batir. Lantarkinta na asali bolt 6 ne, kuma rigar wayoyin takan rube, ga tankin fetur mai cin lita kusan 57 a ƙarƙashin kujerar direba. A zuƙe tsohon fetur a fili, nesa da wuta, kafin a taɓa komai.

Sai ɗaga mota. Birkin hannunta ba tayoyi yake kamawa ba, sandar da ke kai ƙarfi ga tayoyin baya yake riƙewa, don haka da zarar an ɗaga tayar baya guda, ɗayar tana iya gangarawa. A sa waigi gaba da baya, a tokare da ƙarfe mai ƙafafu, kada a shiga ƙarƙashi bisa amanar jak kaɗai.

Wilin ne ya fi cin mutane. Falle biyu ne aka haɗe da kusoshi, kuma notunan da ke riƙe fallayen dabam suke da guda biyar ɗin da ke ɗaure wili a jikin mota. Wanda ya kwance na fallayen alhali taya tana da iska, ƙarfen zai yi tsalle ya same shi a fuska. Na taɓa riƙe hannun wani yaron gareji bayan ya riga ya sassauta biyu, shi kuwa bai san abin da ya tsallake ba. A fitar da iska gaba ɗaya tukuna. Notunan da ke ɗaure wili a gefen hagu na motar kuma zarensu na hagu ne, wanda ya matsa ta hanyar da ya saba sai ya karya kusa.

Ƙurar birki tana iya ƙunsar asbesto, wani sinadari mai illa ga huhu in an shaƙe shi, a jiƙa ta a goge, kada a hure ta da iska. Wasu agogunan gaban direba an shafa musu fentin rediyam mai haske da dare, sinadari ne mai fitar da tiriri mai cutar da jiki, kada a buɗe gilashinsu.

Kafin gwaji a sauya bututan birki da robobinsu duka, domin layin man birkin ɗaya ne tak, in ya tsiyaye a wuri guda birkin ƙafafu huɗun ya tashi aiki. A fara tuƙi a fili mai faɗi, a hankali, musamman wajen shan kwana, saboda motar gajera ce, ba ta da bel ɗin kujera, ba ta da rufin ƙarfe, kuma kifewa ba ta yi mata wuya.