Babi na 6: Yadda Za Ku Auna Sabuwar Sana'a

Ku zo aji da littafi mai layi sabo, wanda yara ba su taɓa ba, da biro, da rula. Wanda ba shi da rula ya yanki kwali. Ku nemi kuma gwangwani biyu masu murfi.

Darasi na 1: Ja layi

In aka ce maka "ya kasuwa?", ka ce "alhamdu lillahi". Daidai ne, gaisuwa ce. To amma kai a ranka ka san ko sana'ar ta kama? Masu binciken sana'o'i abu huɗu suka fi dubawa: tana raye ko ta mutu, nawa ake ciniki, nawa ake riba, mutum nawa ke cin abinci a ƙarƙashinta. Da su aka auna waɗanda suka ci gasar YouWiN, wadda gwamnatin Goodluck Jonathan ta buɗe a 2011. Kusan mutum 24,000 suka nema, 1,200 suka samu jari, sannan wani masani na Bankin Duniya, David McKenzie, ya yi shekaru yana bibiyarsu da waɗannan tambayoyi. Mu ma su za mu yi wa kanmu.

Buɗe shafin farko. Ja layi uku daga sama zuwa ƙasa. Daga sama zuwa ƙasa na ce, ba a kwance ba. Yanzu shafinka ya zama gida huɗu. Fara daga hagu, wato hannun da ba ka cin tuwo da shi. A saman gida na farko rubuta RANA. Na biyu CINIKI. Na uku KASHEWA. Na huɗu ƊIBA. In layin ya karkace ba komai, ba gasar zane muke yi ba.

Darasi na 2: Ciniki daban, riba daban

Ciniki shi ne duk kuɗin da masu saye suka miƙo maka yau. Kashewa shi ne abin da sana'ar ta ci kafin kayan su fito. Riba ita ce abin da ya rage in ka cire kashewa daga ciniki.

Ga misali da mai ƙosai. Ta sayi wake na 4,000, mai na 2,000, niƙa 300, itace 500, albasa da attarugu da gishiri 500, leda 200. Haɗa su a hankali, ɗaya a ƙarƙashin ɗaya. Ka samu 7,500? Madalla. Wannan ita ce uwar kuɗinta. Da hantsi ta sauke kasko ta ƙirga kuɗi, 9,000. Cire 7,500 daga 9,000, saura 1,500. Ribarta ke nan. Kuɗin da ke cikin langarta 9,000 ne, amma wanda take da ikon taɓawa 1,500 ne kawai.

Ku kula da sifiri. 500 sifiri biyu gare ta, 5,000 uku. Ɗora yatsa ka ƙirga su kafin ka wuce.

Darasi na 3: Gidan ɗiba

Nan ne yawancinku ke tuntuɓe, don haka za mu daɗe a nan.

Ɗiba ita ce duk abin da ka cira daga sana'a don gida ko don kanka. Mai ƙosanmu ta ba yara 400 za su tafi makaranta. Ta aika an yo cefane na 1,200. Ta sa kati na 300 a waya. Duka 1,900. Ribarta nawa muka ce? 1,500. Ke nan ta cinye ribar, ta kuma gutsuri 400 daga uwar kuɗi. Gobe za ta je kasuwa da 7,100, ta rage wake, ta ce kaya sun yi tsada. In ta yi haka kwana goma, 4,000 ta tafi, kuɗin wake cif. Wannan da cinye iri kafin ruwa ya sauka duk ɗaya ne.

Ba wanda ya ce kada ta ciyar da 'ya'yanta, ai don su take shan hayaƙi. Abin da muke so ta rubuta. Ka ɗiba, ka rubuta. Kin ɗiba, ki rubuta. Kuma a take, kafin kuɗin su bar hannu, kada a bari sai bayan isha'i lokacin da barci ya fara fizga.

Kaya ma ɗiba ne. Ƙosan 300 da yaran gida suka karya da shi, a rubuta 300. Mai teburi ya ɗauki sabulu ya kai gida, ya rubuta kuɗin sabulun. Suruki ya zo ka buɗe masa lemo daga cikin na sayarwa, girmama baƙo ne, Allah ya ba da lada, rubuta. Gudummawar biki, rubuta. Zubin adashe, rubuta. Maigida ya ce ara mini 1,000 zuwa anjima: Hajiya, ki rubuta, ba rashin kunya ba ne.

An gwada wannan a Jamhuriyar Dominika, can yankin Karebiyan, aka buga sakamakon a 2014. An raba masu ƙananan sana'o'i, wasu aka koya musu lissafin akanta, wasu kuma dokoki masu sauƙi: kuɗin sana'a da na gida kowanne da ma'ajiyarsa, ka yanka wa kanka albashi, in ka ara daga na sana'a ka rubuta ka mayar. Masu dokoki masu sauƙin su ne suka fi gyara harkarsu, musamman waɗanda karatunsu bai yi nisa ba. Saboda haka kada wani ya ce mini ai shi bai yi boko ba. Amfanin gwangwani biyun nan ke nan. Rubuta SANA'A a jikin ɗaya, GIDA a jikin ɗaya. Kullum ka ɗauki abin da ka yanka wa kanka daga na farko ka sa a na biyu, ka rubuta a gidan ɗiba. Abin da ka yanka kada ya wuce riba.

Duk da wannan dogon bayani, in na karɓi littattafai sai in tarar gida uku cike, na huɗu fari tas. Mako guda cur babu wanda ya taɓa ko naira? Haba jama'a! Da me aka ci abinci? Ni ba mai karɓar haraji ba ne, littafin kuma ba ya kai tsegumi. A wani bincike da aka buga a 2009 kan masu ƙananan sana'o'i a Siri Lanka, an gano suna rage kusan kashi 30 cikin ɗari na cinikinsu in baƙo ya tambaye su. Ɓoye wa baƙo na gane. Ɓoye wa littafinka fa, wa ka cuta? Duk wanda ya sake kawo mini gida na huɗu babu komai, tare za mu zauna mu cike shi bayan an tashi, ko da rana ta faɗi.

Sake gwadawa. Ciniki 6,000, kashewa 4,800, ɗiba 1,000. Riba nawa? An taɓa uwar kuɗi? In ka samu 1,200, ka ce ba a taɓa ba har 200 ta yi saura, ka iya. In ba ka samu ba, koma kan mai ƙosai ka sake bi. Kowa a hankali ya koya.

Darasi na 4: Ƙarshen wata

Haɗa gidan ciniki, na kashewa da na ɗiba, kowanne daga sama zuwa ƙasa. Cire kashewa daga ciniki. Kwatanta da watan jiya. Watan azumi da na salla kada ka auna su da sauran watanni, cinikinsu daban ne. Bashin da ka bayar ba ciniki ba ne sai ranar da aka biya, ka buɗe masa shafinsa a bayan littafi.

Darasi na 5: Tana raye?

Hukumar ƙididdigar ƙwadago ta Amurka ta nuna kusan ɗaya cikin biyar na sababbin sana'o'i a can ba sa cika shekara, kusan rabi kuma ba sa kai shekara 5. Rubuta ranar da ka buɗe taka a bangon littafi. Duk shekara ka ƙirga uwar kuɗi, ka ga ta ƙaru ko ta ragu.

Darasi na 6: Ma'aikata

Ƙirga waɗanda kake biya. Rubuta adadinsu. Ladansu yana shiga gidan kashewa.

Aikin gida: cike shafi na kwana bakwai, gida huɗun duka, a kawo ranar Asabar.