Yadda Iyali Za Su Kula da Mai Ɗauke da Ƙwayar Cutar HIV a Sakkwato

Binciken da aka gudanar a faɗin Najeriya a shekarar 2018 ya nuna cewa kimanin mutum miliyan 1.9 ne ke ɗauke da ƙwayar cutar HIV, kuma shiyyar Arewa maso Yamma ce ke da kaso mafi ƙanƙanta, wato 0.6 cikin ɗari. Wannan ƙaranci yana da tasa illar, domin wanda aka gwada aka same shi da cutar a Sakkwato yakan ɗauka shi kaɗai ne a unguwarsu, sai ya ƙulle maganar a cikinsa. Maganin kuwa kyauta ake bayarwa a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo da Asibitin Ƙwararru da wasu asibitocin gwamnati. Abin da ya fi kayar da mutane shi ne yankewar shan maganin, kuma yawancin dalilan yankewar a cikin gida suke.

Matakin farko shi ne a fara magani da zarar an tabbatar da sakamako, ko da mutum yana jin garau, domin an daina jiran sai jiki ya yi rauni kafin a fara. Mafi yawan manya ƙwaya ɗaya suke sha a rana, wadda ta haɗa magunguna uku: tenofovir da lamivudine da dolutegravir. Tun a ranar farko ya kamata mai cutar ya zaɓi mutum ɗaya da ya amince da shi, miji ko mata ko yaya ko uwa, wanda zai riƙa tuna masa, ya kuma iya karɓo masa magani ranar da ya kasa fita. Mai cutar ne zai yi zaɓin da kansa. Wanda aka zaɓa kuma ya sani amana aka ba shi, ba shi da hurumin kai zancen ga kowa, ko da da sunan neman addu'a ne.

Hanya mafi sauƙi ta kiyaye lokaci ita ce a ɗaura shan maganin a kan abin da ba ya wuce mutum, kamar sallar isha'i ko ta asuba. Idan an manta, a sha da zarar an tuna, sai fa idan lokacin na gaba ya matso, kuma kada a haɗa biyu don ramuwa. Azumin Ramadan ba dalilin ajiye magani ba ne, tunda sau ɗaya ake sha; a yi shawara da likita tun cikin Sha'aban, a mayar da lokacin zuwa bayan buɗa-baki ko sahur. Masu shan maganin ƙarin jini ko na ƙarfin ƙashi ko na gyambon ciki irin na ruwa su faɗa wa mai ba da magani, domin sinadaran da ke cikinsu suna rage shigar dolutegravir cikin jiki. Ƙa'idar ita ce a sha maganin HIV awa 2 kafin su, ko awa 6 bayansu.

Ajiyar magani ta cancanci a tsaya a kanta, saboda zafin garinmu yakan haura digiri 40 a watannin Maris zuwa Mayu, alhali ana son a ajiye ƙwayoyin a ƙasa da digiri 30. Na taɓa ganin wata baiwar Allah da ta juye nata a farar leda, ta ƙulle, ta soke a jikin rufin kwano don kada kishiyarta ta gani. Tsoron nata abin fahimta ne, amma babu wurin da ya kai nan zafi a ɗakin. Idan rubutun jikin robar ne abin gudu, a ɓare takardar, a bar ƙwayoyin a cikin robarsu tare da ɗan ƙunshin da ke tsotse danshi, a rufe sosai, a sa a ƙasan akwatin tufafi inda yara ba sa kaiwa.

Sai batun tafiya, wanda a ganina shi ne babban ramin da mutanenmu ke faɗawa. Matashi yakan tafi cin rani Legas ko Fatakwal da robar wata ɗaya, ko ɗan kasuwa ya tsallaka Ƙonni ta Illela da niyyar kwana uku ya share makonni, maganin ya ƙare, kunya ta hana shi shiga asibitin da ba a san shi ba. A duk ranar da aka yi ba magani, ƙwayar cutar tana samun damar hayayyafa, kuma da haka take koyon bijire wa maganin. Saboda haka kafin a ɗaura kaya a je asibiti a faɗi gaskiyar tsawon tafiyar. Wanda ya daidaita a kan magani ana iya ba shi na wata uku, wani lokaci har na wata shida, kuma ana rubuta takardar sauya asibiti ga wanda zai daɗe. Mutanen gabashin jiha, irin su Isa da Sabon Birni, waɗanda rashin tsaro kan tasa ba shiri, su rubuta lambar katinsu da sunan maganinsu su adana a waya, domin da su za a iya ci gaba da ba su magani a duk inda suka sauka.

Ƙiba da hasken fata ba su ne ke nuna magani yana aiki ba. Abin da ke nunawa shi ne gwajin yawan ƙwayar cuta a cikin jini, wanda ake yi bayan wata shida da fara magani, a maimaita a wata na goma sha biyu, daga nan sau ɗaya a shekara. Kada a ba da jini a tafi. A koma a tambayi adadin da ya fito. Idan ya haura 1,000, ma'aikata za su zauna da mutum su binciki yadda yake sha, sannan a sake gwaji kafin a yi maganar canza magani. Idan ya sauka ƙasa da 200 kuma ya zauna a nan, mutum ba ya sa wa abokin aurensa cutar ta hanyar saduwa. Sai dai a kula: sakamakon da ya ce ba a ga ƙwayar ba yana nufin magani ya danne ta, tana nan a ɓoye. A daidai wannan gaɓa ce masu tallar jiƙe-jiƙe ke cin kasuwa, su ce nasu ne ya warkar. Addu'a da rubutu ba su hana shan magani, amma duk wanda ya ce a ajiye maganin asibiti, a rabu da shi.

Tarin fuka shi ne kan gaba wajen kashe masu ɗauke da HIV. Tari, ko zazzaɓi, ko gumin dare, ko rama, kowanne ya isa a kai majina gwaji ba tare da an ɗora laifin a kan ƙurar hunturu ba. Wanda aka tabbatar ba shi da tarin, ya tambayi maganin rigakafinsa. Mata kuma su nemi gwajin sankarar bakin mahaifa, domin haɗarinta ga mai HIV ya ninka na sauran mata kusan sau shida.

A gidan da ke da mace fiye da ɗaya, adalci shi ne a gwada kowa har da yara, kuma ma'aikatan asibiti suna taimakawa wajen faɗa wa iyali idan maigida ya rasa ta inda zai fara. Cin abinci a kwano ɗaya, ko amfani da buta ɗaya, ko cizon sauro, ba sa yaɗa cutar, don haka ware wa mutum kwanonsa zalunci ne kawai. Abin da za a ware shi ne reza da aska, kuma a tabbatar wanzami ya yi aiki da sabuwa. Wanda aka kora daga aiki ko makaranta saboda cutar ya sani akwai dokar tarayya ta 2014 da ta haramta hakan.

Mai juna biyu ta ci gaba da shan maganinta, ta je awo, ta haihu a asibiti. Idan ba a ɗauki mataki ba, jarirai 15 zuwa 45 cikin ɗari kan kamu daga uwa, amma da magani adadin yakan sauka ƙasa da 5. Za a ba jariri nasa maganin na ruwa tun daga haihuwa, a gwada shi yana da mako shida, a shayar da shi nono zalla har wata shida. A nan sai miji ya tsaya wa matarsa, domin kaka za ta ce yaro zai ji ƙishi a wannan zafi, ta kawo ruwa a ludayi. A lallashe ta da cewa umarnin likita ne, ba sai an faɗa mata dalili ba. Kada kuma sakamako mai kyau na mako shida ya sa a daina kai yaron, domin gwajin ƙarshe sai ya kai wata goma sha takwas, ko bayan an yaye shi idan shayarwar ta wuce haka.