Yadda za ku kammala wa yaro allurar rigakafi, daga ranar haihuwa zuwa wata 15

Zuwa asibiti sau shida ake buƙata: ranar haihuwa, sati 6, sati 10, sati 14, wata 9, sai wata 15. A asibitin gwamnati kyauta ake yi, ko da kuwa ƙaramin sha-ka-tafi ne na unguwa. Inda aka fi samun matsala shi ne a fara a watsar. Uwa ta kai yaro sau ɗaya, ya kwana yana kuka da zazzaɓi, maigida ya ce an gama, kati kuma ya shige ƙasan akwati. Yaron da aka yi wa rabin allura yana nan tsakanin kariya da rashinta, ga shi iyayensa sun saki jiki suna ganin an yi.

Me allurar take yi a jiki

Jikin ɗan Adam yana da garkuwa, kuma garkuwar tana da tunawa. Shi ya sa wanda ya yi ƙyanda ya tashi ba ya sake yinta. Allurar rigakafi tana nuna wa garkuwar kamannin cutar tun kafin ainihin cutar ta iso. Wata ƙwayar cutar ce da aka raunana har ba ta iya kayar da mai lafiya, kamar ta ƙyanda, ta shawara, BCG ta tarin fuka da ɗigon shan inna. Wata matacciyar ƙwaya ce, kamar allurar shan inna ta cinya. Wata kuma ɗan ɓangare ne kawai na ƙwayar, ko dafinta da aka kashe wa kaifi, kamar ta ciwon hanta, ta mashaƙo da ta tetanus, ciwon da ke sandare jiki. Jiki yakan ɗauki kimanin sati biyu yana haɗa makamansa, sannan ya ajiye bayanin.

Daga nan za ku gane dalilin maimaitawa. Matacciyar ƙwaya da ɓangaren ƙwaya ba sa barin tunawa mai ƙarfi a karo ɗaya, yawanci sai an yi sau biyu ko uku, da tazarar da ba ta gaza sati huɗu ba. In an matse tazarar, ta biyun ba ta ƙara komai sosai. Ta ƙyanda kuma ana jira sai wata 9 ne saboda jariri yana zuwa duniya da garkuwar da ya samo daga uwarsa ta mabiyiya, kuma wannan garkuwar tana iya kashe ƙwayar allurar kafin ta yi aiki. Ko a wata 9 ɗin, kimanin yara 85 cikin 100 ne take kamawa. Ta wata 15 ita ce ke tsinto sauran. Ƙyanda cuta ce mai saurin yaɗuwa ƙwarai, mutum ɗaya na iya shafa wa 12 zuwa 18 a cikin waɗanda ba su da kariya, don haka sai kusan 95 cikin 100 na yaran gari sun samu allura biyu kafin ta rasa hanyar bi.

Jadawalin da ke kan kati

Ranar haihuwa abu uku ne: BCG ta tarin fuka, wadda ake kira lamba, a cikin fatar dantsen hagu, ɗigo biyu na shan inna a baki, da allurar ciwon hanta a cinya. Ta ciwon hanta ce mai gaggawa. Ana so a yi ta cikin awa 24 da haihuwa, domin uwa mai ɗauke da cutar, sau da yawa ba tare da ta sani ba, tana iya ba jaririnta a lokacin haihuwa, kuma kusan 9 cikin 10 na jariran da suka kamu a wannan lokacin suna zama da cutar iya rayuwa. A nan al'adarmu take cin karo da agogo. An haihu a gida, maijego ba ta fita, ana cewa a bari a yi suna. Ba sai maijego ta fita ba. Kaka, ko gwaggo, ko uban da kansa, a naɗe jariri a zane a kai shi a dawo da shi. In an makara, har zuwa sati biyu ana yi, amma kowace rana da ta wuce tana rage amfanin.

Sati 6 ya faɗo daidai da gama arba'in, kwana biyu ne tsakani, don haka yana da sauƙin tunawa. Ranar ana ba da Penta, allura ɗaya mai kare cuta biyar: mashaƙo, tarin shiƙa, tetanus, ciwon hanta, da wata ƙwaya mai jawo sanƙarau da ciwon huhu a ƙananan yara. Ana haɗawa da PCV ta ciwon huhu, da IPV wato allurar shan inna, da ɗigon shan inna, da ɗigon Rota na gudawa wanda aka shigar cikin tsarin Najeriya a 2022. A sati 10 ana maimaita duka ban da IPV. A sati 14 a maimaita duka har da IPV ta biyu. Allura biyu ko uku a rana ɗaya ba ta fi ƙarfin jariri ba. Abin da garkuwarsa ke haɗuwa da shi kullum a ƙasa, a hannu da a baki ya ninka wannan nesa ba kusa ba.

Wata 9: ƙyanda, shawara, sanƙarau. Wata 15: ƙyanda ta biyu. Ban da waɗannan akwai ɗigon bitamin A a wata 6 da wata 12. Tazarar nan daga sati 14 zuwa wata 9 ita ce ramin da yara da yawa ke faɗawa, domin wata shida ba a leƙa asibiti ba, an manta. A ɗaura ranar da wani abu da ba a mantawa, kamar watan azumi ko Babbar Sallah, ko a sa ta a waya.

Mai ciki ma tana da nata. Allurar tetanus da ake yi a wajen awo tana kare jariri daga ciwon da ke shiga ta cibiya ya sandare shi cikin satin farko ko na biyu. Guda biyar ce: ta farko, ta biyu bayan sati huɗu, ta uku bayan wata shida, ta huɗu da ta biyar shekara-shekara. 'Yan mata kuma daga shekara 9 akwai ta kansar bakin mahaifa, wadda aka fara a Najeriya a watan Oktoban 2023.

Ranar zuwa

Ku tambayi ranar allura ta asibitinku tukuna. Kwalbar BCG ta yara 20 ce, ta ƙyanda yawanci ta 10, kuma da zarar an haɗa su da ruwansu, bayan awa shida sai zubarwa. Shi ya sa ƙananan asibitoci suke ware rana su tara yara. Ku je da safe, da kati, a shayar da yaro kafin a yi da kuma bayan an yi. Nono yana rage kukan.

Kuna da ikon duba abu uku. Sirinji sabo ne a gabanku aka ɓare shi. Kwalba daga cikin akwatin sanyi aka ciro ta, ba a kan tebur take shan rana ba. Ana ajiye allurar tsakanin digiri 2 zuwa 8. Na uku, a jikin kwalbar akwai ɗan da'ira da murabba'i a tsakiyarsa. Muddin murabba'in ya fi da'irar haske, allurar na da kyau. In launinsu ya zama ɗaya ko murabba'in ya fi duhu, zafi ya lalata ta. Daskarewa ma tana lalata Penta, PCV, IPV da ta ciwon hanta, shi ya sa ba a jingina su da ƙanƙara kai tsaye. Ma'aikacin da ya san aikinsa ba ya jin haushin a tambaye shi.

Bayan an yi, ku zauna minti 15 zuwa 30. Akwai mummunan ƙin jini, wato jiki ya ƙi allurar, da ke zuwa nan take, da kumburin fuska da wahalar numfashi. Yana faruwa kusan sau ɗaya cikin allura miliyan, kuma akwai allurar da ke kwance shi a asibitin. Kafin ku tashi, ku tabbata an rubuta abin da aka yi da ranar dawowa.

Mura, tari, ɗan zazzaɓi, gudawa mara tsanani, fitar haƙori, rama, ko haihuwar bakwaini, duk ba sa hana allura. Yaro mai rama ma ya fi kowa buƙatarta, domin shi ƙyanda ta fi kayarwa. Abin da ke sa a dakata shi ne ciwo mai tsanani da ya kai a kwantar, ko mummunan ƙin jini a allurar baya, ko garkuwar jiki da ta yi rauni ƙwarai. Wannan kuma likita ne zai yanke.

Bayan an dawo gida

Penta ce ta fi sa zazzaɓi da kumburin cinya, kwana ɗaya zuwa biyu. A rage masa kaya, a yawaita nono, a ɗora tsumma mai tsabta da aka jiƙa da ruwan sanyi a wurin. Kada a gasa da ruwan zafi, kada a murza, kada a shafa man zafi ko toka. Farasitamol na yara ana auna shi da nauyi, miligiram 10 zuwa 15 a kowane kilo, ba fiye da sau huɗu a yini ba. A sa ma'aikaci ya nuna adadin a jikin sirinji ko murfin awo, a daina kintace da cokali. Ba a ba yaro asfirin.

Lamba tana da nata hali. Bayan sati biyu zuwa uku wurin zai yi ɗan ƙurji, ya fashe, ya yi ɗan ruwa, ya warke cikin wata biyu zuwa uku ya bar tabo. Haka ake so. Kada a matse, kada a sa magani. Ta ƙyanda kuma zazzaɓinta da ɗan ƙuraje kan zo a makare, kwana 7 zuwa 12 bayan allura, su wuce da kansu.

A koma asibiti ba tare da jira ba in yaro ya yi jijjiga, ya ƙi nono gaba ɗaya, ya yi laƙwas ba ya farkawa sosai, ya yi kuka mai ƙara sama da awa uku ba tsayawa, zazzaɓi ya wuce kwana biyu, ko wurin allurar ya tara mugunya.

In an tsallake rana, ko da wata nawa ne, ba a komawa farko. Daga inda aka tsaya ake ɗorawa. In kati ya ɓace, kamar yadda yake yawan faruwa in an je wankan gida, akwai rajista a asibitin da aka fara.

In maigida ko surukai suka ce a'a

Kada a fara da kiran mutum jahili, domin shakkar tana da asali. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a kan yara a Kano. Yara 200 ne a gwajin, 11 suka rasu, aka yi ta shari'a kan ko an nemi izinin iyaye yadda ya kamata, har aka sasanta da gwamnatin Kano a 2009 kan dala miliyan 75. Trovan maganin kashe ƙwayar cuta ne da ake gwadawa a kan marasa lafiya, ba allurar rigakafi ba ce, amma wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. A 2003 aka dakatar da ɗigon shan inna a Kano da wasu jihohin Arewa bisa zargin yana hana haihuwa. Kano ta dawo da shi a watan Yulin 2004, bayan an yi gwaje-gwaje an kuma sayo maganin daga Indunusiya. Daga 2003 zuwa 'yan shekarun da suka biyo baya cutar ta bazu, ta tsallaka zuwa ƙasashe kusan 20 da suka riga suka rabu da ita.

Zargin hana haihuwa yanzu yana da amsar da kowa zai iya dubawa da idonsa. 'Yan matan da aka ɗiga wa a shekarun nan sun yi aure, suna goyo. Shan inna na asali kuma rabon da a gan shi a Najeriya tun 2016 a Borno, har aka tabbatar Afirka ta rabu da shi ranar 25 ga Agusta, 2020. Dattawa kuwa a tuna musu da agana. Su suka ga masu zanen fuska, su aka yi wa lambar agana a dantse, kuma tun 1980 aka sanar da ƙarewarta a duniya. Mashaƙon da ya ɓarke daga ƙarshen 2022, wanda ya fi tsanani a Kano, cuta ce da Penta ke karewa, kuma mafi yawan waɗanda ya kama ba su kammala allura ba.

Akwai ƙorafin da ke da gaskiya a cikinsa: maganin zazzaɓin cizon sauro sai an saya, ɗigo kuwa har ƙofar gida kyauta. Dalilin shi ne shan inna cuta ce da ake iya shafewa daga duniya ɗungurungum kamar agana, shi ya sa aka zuba mata kuɗi na musamman. Wannan bai wanke gazawar asibitocinmu ba, amma hana yaro ɗigo ba ya kawo maganin zazzaɓi. Ita ma allurar zazzaɓin an fara ta a Kebbi da Bayelsa a watan Disamban 2024.

Sai tambayar da ake yawan yi: in an ce shan inna ya ƙare, me ya sa har yanzu ake yawo gida-gida? Ƙwayar da ke cikin ɗigon rayayyiya ce da aka raunana, kuma tana fita ta bayan gida. A garin da kusan kowane yaro ke da kariya, nan take mutuwa. A garin da yara da yawa ba su da ita, ga ƙarancin tsabtar ruwa da masai, tana iya yin watanni tana yawo daga wannan yaro zuwa wancan har ta sake yin kaifi ta shanye ƙafa. Wannan nau'in ne ake fama da shi yanzu a wasu jihohin Arewa, kuma yaran da ba a yi wa rigakafi ba ko ba a kammala musu ba ne ya fi kamawa. Ɗigon kuma a ƙasashe masu zafi da yawan gudawa ba ya kamawa sosai a karo ɗaya, shi ya sa ake maimaitawa, kuma yawansa ba ya cutarwa. Ɗigon ƙofar gida ƙari ne, ba ya maye gurbin zuwa asibiti. Ku buɗe kati ku duba layin IPV na sati 6 da na sati 14. In babu rubutu a wurin, ko da an ɗiga wa yaron sau goma a zaure, a kai shi a yi masa.