Kafin Ka Sayi Doguwar Bindiga a Amurka: Takardar Zamanka Ce Farko

Ɗan'uwa, barka da zuwa. In ka sauka a jiha irin su Texas, Ohio ko Georgia, ba za ka daɗe ba wani abokin aiki zai ja ka zuwa filin koyon harbi ranar Asabar, ko ka shiga kantin kayan wasanni neman takalmi ka tarar da bindigogi jere a bango kamar sandunan sayarwa. Daga nan sai zuciya ta fara raya maka. Wani farautar barewa ce ke burge shi, wani harbin allo, wani kuma gidansa na bayan gari ne, yana son abin tsaro. Duk ba laifi ba ne a dokar ƙasar. Gyara na biyu na kundin tsarin mulkinsu, wanda ke aiki tun 1791, shi ya kafa 'yancin riƙe makami. Sai dai abokin da ya ja ka ɗan ƙasa ne, kai kuwa baƙo, kuma baƙo ko da idonsa makaho ne. Kuskuren da shi zai biya tara a kai ya koma gida, kai yana iya zama sanadin tiso ƙeyarka.

Saboda haka tambayar farko ba wace bindiga ba ce. Wace takarda ke hannunka? Dokar tarayya ta raba baƙi gida-gida. Mai katin zama na dindindin, wato girin-kad, yana iya sayen doguwar bindiga kamar ɗan ƙasa. Wanda ya shigo da bizar wucin gadi, ta karatu ko ta aiki ko ta ziyara, an hana shi riƙe bindiga da ma harsashi, sai in ya faɗa cikin wasu 'yan keɓance-keɓance, wanda aka fi sani cikinsu shi ne ya mallaki lasisin farauta mai rai da wata jiha ta ba shi. Ranar da lasisin ya mutu, bindigar da ke ɗakinsa ta koma laifi, ko da bai taɓa ta ba. Wanda wa'adin zamansa ya ƙare ya ci gaba da zama kuwa, babu wata ƙofa a gare shi ko kaɗan. Hukuncin yana iya kaiwa shekara 15 a kurkuku tun bayan gyaran dokar da aka yi a 2022.

Ka lura da kalmar da na yi amfani da ita: riƙewa, ba saye ba. A nan mutanenmu ke zamewa. Haya a filin harbi riƙewa ce. Karɓar ta aboki ka gwada harbi biyu riƙewa ce. Akwai wani ɗalibi daga Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa da ya zo karatu Florida, makaranta ta sallame shi saboda faɗuwa jarrabawa, ya zauna bai tafi ba, wata rana ya je filin harbi ya ɗan yi wasa da bindiga biyu. Aka gurfanar da shi, aka yanke masa wata 18. Shari'ar ta kai Kotun Ƙoli a 2019, kotun ta ce dole gwamnati ta tabbatar ya san matsayinsa na zama ya lalace. Ya samu nasara a wannan gaɓar, to amma wa ke son irin nasarar da sai an kwana a gidan yari kafin a same ta? In takardarka na tsaka-tsaki ce, kana jiran amsar neman mafaka ko sauya matsayi, kada ka ɗauki fatawa daga mai kanti. Shi ciniki ya fito. Biya lauyan shige da fice kuɗin awa ɗaya ka ji gaskiya.

Mai girin-kad ma kada ya miƙe ƙafa. Dokar shige da fice ta ce duk baƙon da kotu ta samu da laifin da ya shafi bindiga, ko saye ko ɗauka ko ajiyewa ba bisa ƙa'ida ba, ana iya korarsa, ko da ya shekara ashirin a ƙasar, ko da 'ya'yansa duk a nan aka haife su.

To, a ce takarda ta yi daidai. Za ka je wurin dillali mai lasisin gwamnatin tarayya, ya ba ka fom mai lamba 4473 na ATF, hukumar tarayya mai kula da harkar bindigogi. Zauna ka karanta shi layi-layi, kada kunyar mutanen da ke bayanka ta sa ka yi sauri, domin ƙarya a kan wannan takarda babban laifi ne mai zaman kansa. Zai tambayi ƙasarka da lambarka ta baƙo. Kada hannunka ya kuskura ya nuna kai ɗan Amurka ne alhali ba ka zama ba tukuna. Da'awar zama ɗan ƙasa ta ƙarya na cikin abubuwan da hukumar shige da fice ba ta yafewa. Zai tambaya ko kana shan wiwi ko wata ƙwaya, kuma halattawar da jiharka ta yi ba ta shafe tambayar ba. Zai tambaya ko an taɓa samunka da laifin dukan iyali, ko akwai umarnin kotu da ya hana ka kusantar matarka. Wannan tun 1996 yake: ƙaramin hukunci kan rikicin cikin gida ya isa ya raba mutum da bindiga. Rigimar da a da dattawa za su kashe a zaure, a nan maƙwabci ne zai kira 'yan sanda.

Tambayar da ta fi kama mutanen kirki ita ce ta farko: kai ne ainihin mai sayen? Wata rana wani ɗan'uwa da takardarsa ba ta ba shi dama ba zai zo ya ce, "Yaya, ga kuɗin, ka taimaka ka saya mini da sunanka." Mu kuma an raine mu da jin nauyin cewa a'a. Ka ce a'a. Saye a madadin wani laifin tarayya ne, kuma lambar bindigar da sunanka take ɗaure duk inda ta shiga.

Bayan fom sai dillali ya tura sunanka ga tsarin binciken FBI da ake kira NICS, wanda ya fara aiki a 1998. Amsa uku ce: a ba shi, a dakata, ko a hana. Baƙi sukan gamu da "a dakata", saboda ana leƙa bayanansu na shige da fice, kuma sunaye irin su Muhammad da Abubakar da Ibrahim suna da masu su da yawa. Ba abin tashin hankali ba ne. Koma gida ka jira kira.

Dokar tarayya ƙasa ce kawai, kowace jiha tana ɗora nata gini a kai. Tarayya ta ce shekara 18 ta isa sayen doguwar bindiga a wurin dillali, Florida da California sun ce sai 21. A Illinois sai ka fara samun katin FOID, wato katin izinin mallakar bindiga na jihar. California tana sa ka jira kwana 10 kuma ka ci jarrabawar kiyaye haɗari. New Jersey da Massachusetts na da nasu katin izini, birnin New York kuma yana da nasa daban da na sauran jihar. A Texas babu ko ɗaya daga cikin waɗannan. Bindigar da ta halatta a inda kake tana iya zama haramtacciya bayan tuƙin awa biyu. In tafiya ta kama, dokar 1986 ta ba ka kariyar wucewa muddin babu harsashi a cikinta, tana kulle a but, kuma ta halatta a inda ka taso da inda za ka. Wucewa aka ce, ba yada zango na kwanaki ba. Duba kuma yarjejeniyar hayar gidanka, musamman in a gidajen jami'a kake.

Yanzu ga wace za ka saya. Ra'ayina a nan ba ya canzawa: fara da .22, wato bindiga mai ƙaramin harsashi (lambar tana nuna kaurinsa ne), kuma in so samu ne wadda ake ja da hannu a ɗana harsashi ɗaya-ɗaya. Na san ba ta da kwarjini. Matasa sun fi son baƙar nan mai kama da ta soja da suke gani a fim. Amma .22 ba ta naushin kafaɗa, ƙararta da dama-dama, harsashinta ya fi kowanne araha, don haka za ka harba ɗaruruwa kana gyara saiti maimakon ashirin kana runtse ido. Wanda ya fara da babbar bindiga yakan koyi zabura kafin ya ja kunama, kuma wannan ɗabi'a ta fi wuyar fita fiye da shiga. Bindigogi irin su CZ 457 da Savage Mark II duk sun isa. Ruger 10/22, da ake ƙerawa tun 1964, ita ma ta yi suna, sai dai tana ɗana kanta bayan kowane harbi, sabon hannu kuwa ya fi buƙatar abin da zai rage masa gaggawa. Kada ƙanƙantar harsashin ta ruɗe ka. Yana kisa, kuma yana iya tafiya fiye da mil guda.

In barewa kake nufi, sai daga baya ka hau zuwa .243, .308 ko .30-06, domin yawancin jihohi ba su yarda a harbi barewa da .22 ba. Ohio da Iowa ma suna da sharaɗi kan irin harsashin da za a yi farautar da shi, don haka karanta littafin dokokin farauta na shekarar kafin ka zaro kuɗi. Abu ɗaya da ba a wasa da shi: lambar da aka buga a jikin bututun bindiga ita za ka gani a kwalin harsashi, harafi da harafi. Akwai harsashin da zai shiga ramin da ba nasa ba lafiya lau, sai an ja kunama ƙarfen ya tarwatse a fuskar mutum. Kuma kada ka yanke bututun don ya yi gajere. Ƙasa da inci 16 ya shiga wata doka ta daban mai tsanani, ta 1934.

Kafin duk wannan, shiga aji. Hukumar kula da namun daji ta kowace jiha tana koyar da darasin mafarauta, sau da yawa kyauta ko da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, kuma galibi sai da shaidarsa ake ba sabon mafarauci lasisi. A can za ka ji ƙa'idoji huɗu da kowa ke maimaitawa: ka ɗauki kowace bindiga a matsayin ɗananniya, kada bakinta ya kalli abin da ba ka shirya halakawa ba, yatsa ba ya shiga wurin kunama sai ka saita, ka san abin da kake hari da abin da ke bayansa. Duk wanda ya miƙo maka bindiga ya ce "babu komai a ciki", buɗe ka duba da idonka, ko da mahaifinka ne. Ba raini ba ne, a wurin masu harbi ladabi ke nan. A fili kuma, in jami'in tsaro ya yi kiran a tsaya, cire harsashi, bar ta a buɗe a kan tebur, ja da baya, kada ka sake taɓa ta har sai an ba da izini. Sa tabarau da abin toshe kunne; jin da ƙarar harbi ta ɗauke ba ya dawowa. Wanke hannu kafin cin abinci saboda dalma, kada ka shafa wa yara ita a gida.

Akwatin ƙarfe mai makulli ya riga bindiga shiga gida. Gidajenmu ba sa rabo da yara da baƙi, kuma yaro ya san saman kowace durowa fiye da yadda kake zato. Bindiga a kulle ba harsashi, harsashi a kulle a wani wuri dabam, makulli a jikinka. A 2024 wata kotu a Michigan ta ɗaure uwa da uba shekara 10 zuwa 15 saboda ɗansu ya ɗauki bindigar da suka saya ya kashe ɗalibai huɗu a makarantarsu. Akwai kuma abin da ba mu cika son faɗa ba. Fiye da rabin mutanen da bindiga ke kashewa a Amurka kowace shekara, su suka kashe kansu. Zaman baƙunta yana da nauyi: kaɗaici, bashi, sanyi, aikin dare, waya daga gida kullum da buƙata. In kai ko wani a gidanka ya shiga irin wannan ƙunci, fitar da bindigar daga gidan ta hanyar da doka ta yarda, wasu dillalai da filayen harbi suna karɓar ajiya, sannan ka kira 988, lambar wayar agajin masu cikin ƙuncin rai ko tunanin kashe kansu. Ka kuma yi shawara da uwargida tun kafin saye. Ita ma a gidan take kwana.

Sai maganar da abokinka Bature ba lallai ya tuna ya gaya maka ba. Kai baƙar fata ne, wataƙila kuma da suna na Musulmi. A 2016 ɗan sanda a Minnesota ya harbe Philando Castile a cikin motarsa bayan shi da bakinsa ya sanar cewa yana ɗauke da bindiga, kuma yana da lasisinta. In an tsayar da kai da bindiga a but, kashe mota, kunna fitilar ciki in dare ne, ɗora hannu biyu a kan sitiyari, faɗi abin da ke akwai da inda yake cikin natsuwa, kada ka miƙa hannu ko'ina sai an ce ka miƙa. Daga gida zuwa mota, a cikin jakarta za ta fita. Hoton kanka riƙe da ita a Facebook ko TikTok kuwa, bar wa wasu. Ranar ganawar neman zama ɗan ƙasa ba ka san abin da za a buɗe a gabanka ba.

In Allah ya kai ka dajin farauta, sa rigar nan mai ruwan lemo mai ƙyalli da jihohi da yawa suka wajabta, kada ka taka gonar kowa ba da izini ba, kuma ka liƙa wa dabbar takardar shaidarta yadda doka ta ce kafin ka ɗauke ta. Malamai da dama sun halatta naman da aka harba da bindiga in an ambaci sunan Allah lokacin harbi, in kuma ka iske ta da sauran rai sai ka yanka.

Jakar da kake zuwa filin harbi da ita, kada ta taɓa zama jakar tafiya. Harsashi ɗaya yakan maƙale a lungun aljihu wata da watanni, na'urar filin jirgi kuma ba ta kuskurensa. A cikin Amurka ana iya tafiya da bindiga a jirgi in tana cikin akwati mai tauri a kulle, ba harsashi a cikinta, ka sanar a kanta, ta bi kayan da ake sawa a ƙasan jirgi, ba jakar hannu ba. Fita da ita waje kuwa sai an bi dokar fitar da makami, kuma ƙasar da za ka sauka tana da tata dokar. Daren da za ka tafi ganin gida, zazzage kowace jaka a kan gado, ka laluba aljihunan rigunan sanyi ɗaya bayan ɗaya.